Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi: Birnin Kano da Cinikin Nesa, Daga Ayari Zuwa Intanet



Sa'ad da aka nemi in yi lacca a kan shirin zuwa kasuwannin baje koli na ƙasashen waje da sayar da kaya ta intanet, wani abokina ya tambaye ni cikin raha, wai me ya haɗa malamin Hausa da wannan batu, alhali ga masana tattalin arziki nan zaune. Na ce masa harshe shi ne rumbun da al'umma take adana abin da ta sani. Duk wanda ya leƙa rumbun Hausa zai tarar da fatauci da koli da ayari da madugu da jagaba da zango da fatoma da dillali da la'ada, kowace kalma da aikinta. Al'ummar da ba ta goge da cinikin nesa ba, ba za ta tara irin waɗannan kalmomi ba.

Tambayar da nake so mu duba a yau guda ɗaya ce. Ta yaya mutumin da bai san ka ba, bai taɓa ganin ka ba, ba ya jin harshenka, zai yarda ya ba da kuɗinsa a kan kayan da bai warware ba? Bahaushe yakan kira irin wannan cinikin biri a sama, kuma yana gudun sa. Amma wannan shi ne ainihin abin da mai baje koli a wata ƙasa yake nema, shi ne kuma abin da mai talla ta intanet yake nema. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, birnin Kano ya taɓa warware wannan matsala, daga baya maganin ya suɓuce mana, kuma sai mun koma gare shi kafin mu ci ribar kasuwannin zamani.

Kasuwar Kurmi da unguwannin birni

Kundin Tarihin Kano ya nuna cewa an fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), Wangarawa suka iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), aka buɗe hanyar Gwanja a zamanin Abdullahi Burja (1438–1452), sa'an nan Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi. Masu rini na Ƙofar Mata kuwa, bisa ga abin da suka gada daga bakin iyaye, suna cewa an kafa marinarsu a 1498. Ko da mutum bai riƙe waɗannan shekaru ba, sunayen unguwanni kaɗai sun isa shaida. Akwai Dandalin Turawa, inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, domin a da kalmar Turawa su take nufi. Akwai Alfindiki, wadda ta samo sunanta daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Akwai Zangon Barebari da Agadasawa da Tudun Nufawa da Ayagi. Akwai kuma unguwannin sana'a irin su Dukawa da Soron Ɗinki.

Abin lura a nan shi ne, birnin ya ba baƙo wurin sauka, ya kuma ba mai sana'a wurin zama, kasuwa tana tsakiya tana haɗa su. Baƙon da ya sauke raƙumansa ba ya shiga kasuwa yana lalube. Yana da maigidansa, watau fatoma, wanda zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ba shi bashi ko ya bayar. Fatoma ba ya yin haka don kirki kaɗai. Arzikinsa ya rataya ne a kan baƙon ya dawo baɗi, ya kuma zo da wani.

Abin da baƙi biyu suka gani

A watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani Baturen Ingila mai suna Hugh Clapperton ya shigo Kano. Ya zaga Kurmi, ya ga yadda aka ware wa kowane irin kaya layinsa, ya ga Sarkin Kasuwa yana ba da hayar rumfuna yana lura da farashi, har ya sayi laimar Ingila wadda ta ƙetaro Sahara ta riga shi zuwa. Amma abin da ya fi jan hankalina a cikin bayaninsa shi ne wata ƙa'ida da ya tarar. Idan mutum ya sayi riga ko turkuɗi a Kano a ƙunshe, ya tafi da shi Barno ko wata ƙasa mai nisa bai warware ba, can ya buɗe ya ga kayan ba su kai yadda aka faɗa masa ba, to, sai ya mayar da su Kano. A cikin kowane ƙunshi an rubuta sunan dillalin da ya yi cinikin. Tilas dillalin ya nemo wanda ya sayar, shi kuma tilas ya mayar da kuɗi.

Jama'a, mu ɗan tsaya a kan wannan. Tafiyar Kano zuwa Barno a wancan zamani ta makonni ce. Duk da haka ciniki bai mutu ba don mai saye ya fita Ƙofar Mata ya yi nisa. Sunan dillali yana tafiya tare da kayan, alhaki kuma yana biye da sunan.

Wannan ƙa'ida ba daga sama ta faɗo ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birni, irin su Muwaɗɗa ta Imam Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid, sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, sun kuma halatta sayar da kaya a ɗaure cikin dila bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki, wadda ake kira barnamaj. Sharaɗi shi ne siffar ta zama sananniya, kayan kuma su dace da ita. Haka nan sun ba mai saye damar mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Ashe ke nan ɗalibin da ya yi karatu a Madabo shekara ɗari biyu da suka wuce ya san hukuncin abin da muke kira cinikin intanet a yau, ko da yake bai san kwamfuta ba.

Baƙo na biyu shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, wanda ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman. Ya kimanta mazauna birnin da 30,000, ya ce adadin yakan ninka a lokacin da ayarori suka sauka. Ya bayyana cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus a arewa, suna kaiwa Tambutu har gaɓar tekun Atlantika a yamma. A lissafinsa, abin da ake fitarwa zuwa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300 a shekara, kimanin wuri miliyan 60, duka tufafin da ake fitarwa kuwa sun kai na wuri miliyan 300. Don mu gane nauyin wannan adadi, shi da kansa ya ce wuri 50,000 zuwa 60,000 yana riƙe iyali guda shekara ɗaya cikin wadata. Watau tufafi kaɗai suna kawo abin da zai ci da gida 5,000 ko fiye, ban da takalma da jemammun fatu.

Wani abin sha'awa shi ne, wata uku bayan isowar Barth Kano, a ranar 1 ga Mayu 1851, aka buɗe babban baje kolin duniya na farko a cikin wani makeken gidan gilashi a London, wanda mutum wajen miliyan 6 suka shiga. A shekarar da Turai ta fara tara kayan duniya a rumfa ɗaya don a gani, a shekarar ne wani ɗanta yake tsaye a Kurmi yana ƙidaya kayan da Kano take aikawa duniya.

Me ya sa Buzun Azbin yake neman turkuɗin ƙasar Kano musamman? Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi bincikensa na digirin digirgir a 1975 a kan wannan sana'a, ya nuna yadda garuruwa irin su Kura suka ƙware a kan yi wa kasuwar waje aiki. Masaƙi ya san faɗin ƙyallen da Buzu yake so, marini ya san zurfin baƙin da yake so, mabugi ya san irin ƙyallin da shuni zai ba da kafin a naɗe. Ba abin da Bakano yake sha'awar sawa suke yi ba, abin da mai saye yake nema suke yi, kuma na bana ya yi daidai da na bara. Wannan daidaito shi ya sa ake iya sayen ƙunshi ba a warware ba.

Yadda ayari yake shiri

Fataken goro, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda Paul Lovejoy ya rubuta tarihinsu a 1980, ba su tashi zuwa Gwanja da ka. Tun kafin kaka ake tara kanwa da tufafi da kayan fata, ana zaɓen abin da kasuwar Salaga take so. Ana haɗuwa a zango a bayan gari har ayari ya cika. Madugu shi ne shugaba, ya san hanya da sarakunanta. Jagaba yana gaba yana duba masauki. Ubandawaki yana kula da abin da za a biya na fito da kuɗin hanya. Malamin ayari yana riƙe da alƙalami, shi ke rubuta wasiƙa da lissafi. A can kuma fatoma yana jira. Tafiya da dawowa takan ci watanni da yawa, wani lokaci ta kusa shekara.

Idan muka tattara, za mu ga abubuwa huɗu ne suka riƙe cinikin nesa na Kano. Na farko suna, watau a san wanda ya yi kaya da wanda ya tsaya musu. Na biyu siffa tsayayya wadda ba ta sauyawa daga ƙunshi zuwa ƙunshi. Na uku damar mayarwa. Na huɗu maigida a can inda za a sayar. Ina roƙon ku riƙe waɗannan huɗun, domin da su za mu auna abin da ya biyo baya.

Yadda suna ya ɓace

Tun a zamanin ayari akwai wata ɓaraka. Fatar jar akuya ta ƙasashen Sakkwato da Kano da Maraɗi, wadda majemanmu suke jemewa da bagaruwa su rina da karan dafi, tana ƙetare Sahara ta isa tashoshin jiragen ruwa na Afirka ta Arewa, daga nan ta shiga Turai. Mai yawa daga cikin abin da Turawa suke kira fatar Maroko daga nan take. Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje, wani ma'aikacin ɗakin ajiyar tsofaffin littattafai ya miƙo mini wani littafi mai jan bango, yana yaba fatar, yana kiran ta da sunan Maroko. Na shafa ta, na tuna da jakunkunan da nake gani a hannun dukawa tun ina yaro. Daga baya, da fatar ta riƙa fita ta hanyar kogin Kwara, masu yi wa littattafai bango a Ingila suka koma kiran ta fatar Neja. Ko a lokacin sunan hanya ta ɗauka, ba sunan majemi ba. Sunan dillalin Kano yana kaiwa Barno, amma bai taɓa ƙetare teku ba.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Cikin 'yan shekaru ayarin Tarabulus ya mutu, fuskar ciniki ta juya daga arewa zuwa Ikko. Turawa sun so auduga, manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, kuma tsofaffin fataken goro ne suka zama masu sayen ta. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya goge a hanyar Gwanja, ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Neja a 1918, kuma an ruwaito cewa a 1929 kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ya kai ajiya a bankin Turawa da ke Kano. Ƙwarewar fatauci ba ta mutu ba ke nan. Abin da ya sauya shi ne, Bakano ya daina haɗuwa da mai saye na ƙarshe. Iyakarsa ma'auni a bakin tashar jirgi. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ta karɓi sayarwa a waje, aka ci gaba da irin wannan tsari har aka rushe hukumomin a 1986. Shekara 70 da wani abu muna tara kaya, wani yana yi mana magana da duniya.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Wembley. A ranar 23 ga Afrilu 1924, shekara 100 cif bayan zuwan Clapperton, Sarkin Ingila George na Biyar ya buɗe baje kolin Daular Birtaniya a wannan unguwa ta London. An yi shi zango biyu, a 1924 da 1925, mutum wajen miliyan 27 suka shiga. Sashen Afirka ta Yamma, wanda ya haɗa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo, an gina shi da siffar birni mai ganuwa irin namu na ƙasar Hausa. Aka kai masu sana'a daga nan suka zauna a ciki, suna aikinsu jama'a na kallo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yana cikin waɗanda suka ziyarci wurin. Ɗaliban Afirka da ke London kuwa ransu ya ɓaci saboda yadda wasu jaridu suka mayar da mutanen abin dariya. Ladipo Solanke yana cikin waɗanda suka rubuta ƙorafi, kuma wannan ɓacin rai yana cikin abin da ya kai ga kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, a 1925.

Ku auna Wembley da abubuwan nan huɗu. An kai ganuwarmu, an kai hannun masu sana'armu, amma manufar taron ita ce a nuna wa masana'antun Ingila ɗanyen kayan da za su samu daga ƙasashen da suke mulka. A Kurmi, a 1824, mai sana'a shi ne mai kaya. A Wembley, a 1924, ya zama yana cikin kayan da aka baje. Zuwa baje koli daban, cin kasuwarsa daban.

Baje kolin zamani

Bayan samun mulkin kai an yi ƙoƙari. An kafa Hukumar Bunƙasa Fitar da Kaya ta Nijeriya, NEPC, a 1976. An fara baje kolin duniya na Legas a 1977, na Kaduna a 1979, Kano ma tana da nata wanda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu take shiryawa. An sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Kigali a 2018, a shekarar kuma aka yi baje kolin ƙasashen Afirka na farko a Alƙahira. A waje kuwa, birnin Guangzhou na ƙasar Sin yana yin nasa sau biyu a shekara tun 1957, birnin Milan na Italiya yana karɓar babban baje kolin fata mai suna Lineapelle. Kanawa sun san hanyar Guangzhou da Dubai sarai, sai dai yawancinsu saye suke zuwa yi. Wanda ya zaga Kantin Kwari ya ga sakamakon. A 2015 marinan Kano sun yi tattaki zuwa fadar Sarki suna kukan yadda kayan waje suke kashe musu sana'a. Fatar da ake gyarawa a Sharaɗa da Challawa kuma, mai yawa daga cikinta tana fita ne zuwa Italiya da Sifen, a can a yi takalmi da jaka da ita, a buga sunan wani. Tsohon labarin Maroko ne ya sake riga.

To, wanda zai je baje koli a yau, me madugu zai gaya masa? Zai ce masa ya fara sanin abin da kasuwar take so da abin da ta haramta, tun watanni kafin tashi. Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, aka yi ta tsawaita hanin shekara da shekaru. Laifin wasu 'yan kaɗan masu zuba magani a buhu ya rufe wa kowa ƙofa, domin babu suna a cikin ƙunshin da za a bi a kama mai laifi. Tun 2015 ɗin kuma Tarayyar ta hana sayar da kayan fata da suke taɓa jiki idan wani nau'i na sinadarin kuromiyom ya kai miligiram 3 a kilo guda. A nan akwai albishir ga majemanmu na gargajiya, domin jimar bagaruwa ba ta amfani da wannan sinadari. Amma sai an kai fatar ɗakin gwaji an sami takardar shaida, domin baƙo ba ya karɓar rantsuwa.

Zai ce masa ya tafi da samfurin da zai iya maimaitawa. Babban abin kunya shi ne a kai jaka guda mai kyau ƙwarai, mai saye ya nemi 500 irinta cikin wata uku, a rasa yadda za a yi, ko a aika masa 500 kowace da kamarta. Zai ce masa ya san farashinsa har da kuɗin jirgi da inshora da kwastan, a cikin kuɗin ƙasar mai saye, ya kuma rubuta bayanin kayansa da harshen da ake ji a can. Zai ce masa ya gama da takardu tun a gida: rajistar mai fitar da kaya, da fom ɗin NXP na banki, da sanin cewa doka ta ce a dawo da kuɗin kayan cikin kwana 180. Zai ce masa kada ya dawo sai ya sami maigida a can, watau wakilin da zai karɓi kaya ya rarraba. Sa'an nan, bayan an tashi daga kasuwa, ya amsa wasiƙar duk wanda ya tsaya a rumfarsa, domin baje koli wurin gaisawa ne, ciniki a bayansa yake zuwa.

A nan zan juya gare ku, ma'aikatan gwamnati, da fatan ba za a ga baƙina ba. Sau da yawa idan an sami gurbin zuwa irin waɗannan tarurruka, jami'ai ne suke cika tawaga, mai sana'ar kuwa kayansa kaɗai ake karɓa a tafi da su. Idan mai saye ya tambayi yadda aka jeme fatar nan, ko kwana nawa za a yi a saƙa ɗari, babu mai amsa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Tawagar da ta tafi ba baduku ba marini, Wembley ce muka sake ginawa da kuɗinmu.

Kasuwar intanet

An fara sayarwa a Amazon da eBay a 1995, aka kafa Alibaba a 1999, Etsy, wadda ta keɓanta da aikin hannu, a 2005. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, Jumia da Konga suka buɗe a 2012. Yau yarinya tana zaune a Yakasai tana nuna hulunan da ta ɗinka ga mutumin da ke Jidda ko Landan ta WhatsApp da Instagram. A karo na farko tun mutuwar ayari, mai sana'ar cikin birni yana iya magana da mai saye na ƙarshe ba tare da kowa a tsakani ba, yana kuma iya buga sunansa da sunan garinsa a jikin kayansa.

Sai dai kada a ɗauka intanet ta kawar da tsofaffin sharuɗɗa. Hoto da bayanin da aka sa a shafi su ne barnamaj na yau. Idan an ce tsawo santimita 40 ne, to, ya zama 40. Idan shunin yana zuba a wankin farko, a faɗa, domin Buzu yana son shuni ya taɓa jikinsa, Bajamushiya kuwa za ta ɗauka aibi ne. Ra'ayoyin da masu saye suke rubutawa a ƙarƙashin kaya su ne sunan dillali a cikin ƙunshi, sai dai wannan karon duniya duka tana karantawa, kuma ba ya gogewa. Dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya sayi kaya daga nesa kwana 14 ya mayar idan ya fasa. Matasanmu sukan ji wannan su ce zalunci ne. Ni kuwa ina cewa Kurmi ta riga su. Maigida kuma har yanzu ana bukatar sa, domin aika jaka ɗaya ɗaya daga Kano ta jirgin sama yakan ci fiye da ribar jakar, wanda aka mayar wa kaya kuma yana bukatar inda za a sauke su. Hausawan da ke zaune a Jidda da Akara da Landan da Guangzhou za su iya zama fatomomin wannan zamani, idan aka yi abin a rubuce, da lissafi.

Akwai kuma wata matsala da ba za mu ɓoye ba. 'Yan damfara ta intanet sun ɓata sunan Nijeriya, har mai gaskiya yana biyan bashin da bai ci ba. Mutum ɗaya ba ya iya wanke wannan. Abin da zai iya shi ne abin da Kurmi ta yi, watau masu sana'a guda su haɗu a kan siffa ɗaya da alama ɗaya mai rajista, su kuma hukunta nasu da kansu idan ya yi algus.

Kammalawa

Ku ɗalibai, musamman 'ya'yan marina da dukawa da masaƙa da ke cikinku, ayari ba ya tashi ba malami. Iyayenku suna da hannu, ku kuna da alƙalami da harsuna da kwamfuta. Wanda ya koma gida ya auna kayan mahaifinsa, ya ɗauki hotonsu, ya rubuta gaskiyar siffarsu da Turanci da Larabci da Faransanci, ya riƙe littafin lissafi, bai ƙasƙantar da digirinsa ba, kujerar malamin ayari ya hau. Ku kuma ma'aikata, gadon Sarkin Kasuwa ne a hannunku: ɗakin gwaji, da takardar shaida da za ta fito a kan lokaci, da hukunci ga mai algus, da zaɓen wanda ya cancanta ya tafi.

Da yawa daga cikin ramukan rini na Ƙofar Mata sun bushe, waɗanda suka rage kuma dattawa ne suka fi yawa a bakinsu. Idan ba a sami mai saye ba, ba za a sami magaji ba. Mai sayen kuwa yana nan a duniya, abin da yake jira shi ne ya buɗe ƙunshi ya ga suna, ya kuma tabbata cewa mai sunan zai amsa idan an kira shi.